Yadda ake tayar da tsohuwar Land Cruiser ta yi daji ta yi gari

Duk mai yawo a garejojin Kaduna ya san irin motar da nake nufi. Tana can ƙarshen fili ƙarƙashin dalbejiya, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da bayanta akurki, amma ƙarfenta na nan daram. Yawanci a-kori-kura ce ta Toyota Land Cruiser samfurin 75, wadda aka ƙera daga 1984 zuwa 1999, ko tsohuwar Hilux mai miƙaƙƙen aksil a gaba, ko Land Rover 109 da ta gama wa ma'aikatar gona aiki. Na tayar da irinsu ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, wasu nawa wasu na mutane. Wadda nake hawa yanzu ita ke kai yara makaranta da safe, ita ce kuma ke shiga gona bayan Kujama a tsakiyar Agusta.

Tsohuwar zuma da ita ake magani. Yawancin motocin nan ba su da kwamfuta, duk abin da ya lalace ido na ganinsa, hannu na kai masa. Abin da ke cinye kuɗin sabon shiga shi ne fara aiki daga wutsiya: fenti da manyan tayoyi da fitilu, kuɗi su ƙare birki bai kama ba. Ni jerin da nake bi shi ne takardu, shasi, birki, sitiyari, inji, sannan ƙarin kayan daji, fenti a can ƙarshe. Da samfurin 75 zan yi misali, amma yawancin bayanin ya hau sauran.

Kayan aiki

Ba sai ka mallaki gareji ba. Fili mai tauri da inuwa kake buƙata, inda motar za ta yi watanni ba wanda zai ce ka ɗauke ta. Sai waɗannan:

- Sifanu da sokat na milimita: 8, 10, 12, 14, 17, 19, 22 da 24. Toyota duk milimita ce. Tsohuwar Land Rover kuwa na inci take so, in ka tilasta mata na milimita sai ka cinye kan noti.
- Sokat mai lamba 54, na manyan notocin tayar gaba. In ba ka samu ba, masu walda a Panteka za su haɗa maka shi da bututu. Kar ka bari a sassare notocin da kurfi da guduma.
- Sifanar auna ɗauri. Tana da tsada, aro ma ya wadatar.
- Jak mai ɗaukar tan 3 ko fiye, da ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota. In babu, gungumen katako mai kauri. Ban da bulon siminti, domin shi ba ya gargaɗi kafin ya farfashe.
- Filayar cire zoben shaf, guntun tagulla na bugu, bindigar giris, burushin waya, injin gurza ƙarfe, mitar auna wuta, gejin auna matsin inji, ƙaramin sikelin rataye, da maganaɗisu.
- Kananzir na wanke ƙarfe, tsummoki, ledoji da abin rubutu, da tukunyar kashe gobara.

Na sawa kuwa: baƙin mai, man giya mai lamba 90, man birki, giris iri biyu, wato na boris da baƙin nan na kan shaf, jan fentin hana tsatsa, da oyil sil da gaskit na aksil. Ka nemi littafin gyaran motar na kamfani, ana samunsa a intanet, ka buga shafukan awon ɗauri ka rataye a bango.

Maganar kayan gyara a taƙaice: sil da boris da kayan birki da bel, sabbi na asali kawai, ko da za a aiko maka daga Ladipo ta Legas. Ƙarfe mai nauyi kamar aksil, giyabos da ƙofa, ɗan Beljiyam mai kyau ya fi sabon jabu, kuma ana dacewa a Panteka ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Kullum ka tafi da tsohon a hannu ka gwada su kusa da juna.

1. Takardu da duba mota kafin biya

Goge lambar shasi da ke buge a jikin ƙarfen ta gaba kusa da taya, ka karanta ta harafi-harafi tare da takarda. Haka lambar inji. Idan wurin lambar ya sha walda ko gurza, ka yi sallama ka tafi. Ka nemi takardar kwastam, in kuma gwanjon gwamnati ko na wata ƙungiya ce, takardar gwanjon da rasit. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mota mai sitiyari a dama ba ta halatta a titi ba, shi ya sa ake juya su. Leƙa bangon da ke tsakanin inji da ƙafar direba. In ka ga faci da ramukan da aka toshe ta ɗaya gefen, juyi ce, kuma ingancin juyin ne zai nuna ko za ta sayu. Akwatin sitiyarin da aka liƙa wa shasi da walda ba na ɗora iyalina a kai.

Daga nan ka shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma da tocila. Nan ne cinikin yake. Bi dogayen ƙarafan shasi biyu kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake kamar ƙararrawa, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawo na zubowa. Tsaya sosai a wuraren da sifirin ke rataye, da inda akwatin sitiyari ya zauna, da ƙarfen da ya gitta can baya.

Tarihin mota na gaya maka abin da za ka nema. Wadda ta yi rayuwarta a Arewa ba ta cika tsatsa ba, ciwonta tsagewa ne saboda lodin buhuna da gargada. Wadda ta fito daga Turai ta sha gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, ita kuma ta Legas ko Fatakwal ta sha iskar teku, duka biyun daga ciki suke ruɓewa. Na taɓa sayen wata da aka shafe shasinta da baƙin fenti mai kauri tana sheƙi. Ranar da muka gurje, yatsana ya shige ta wajen maratayin sifirin na baya. Kyan ɗan maciji ke nan. Tun daga ranar, sabon fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota ƙara mini zargi yake.

Auna shasin a gicciye da igiya, daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan akasin haka. In awon biyu sun bambanta sosai, motar ta taɓa faɗuwa ta karkace. Bi jikin bodi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa bodi-fila ce. Idan tana tashi, fita da ita kan ƙasa, ka murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, ka saka ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, babba da ƙarama, ka tabbatar gaban na ja.

2. Wanki, hoto da zubar da mai

A wanke ƙarƙashi da ruwa mai ƙarfi, har cikin ramukan shasi, sai jar lakar shekaru ta daina fitowa. Ɗauki hoton komai kafin ka kwance, kowane rukunin noti ya shiga ledarsa da suna. Bayan wata uku ba za ka tuna ba.

Zubar da man inji, giyabos, ogzilari da aksil biyu, kowanne a kwanonsa, ka duba. Gari-garin ƙarfe mai laushi a jikin noti ba komai ba ne. Gutsattsarin ƙarfe kuwa haƙori ne ya karye. Ka fara kwance notin zubawa kafin na zubarwa, kar mai ya tsiyaye sannan ka tarar na sama ya ƙi motsi.

Motar da ta shekara a ajiye ba a yi mata ki kai tsaye. Sauke tanki a wanke, cire fulogi, ɗiga ɗan mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da sifana zagaye biyu a ji ko yana tafiya sumul.

3. Gyaran shasi

In shasi lafiya yake, ba dole ne a ɗaga bodi ba. Burushin waya, jan fenti shafi biyu, baƙi a kai, an gama. In akwai tsagewa, cire kan batir, sauke tanki, sannan a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don ta daina tafiya. A gurje ta ta yi kwari, a cike da walda, a ɗora faci na ƙarfe mai kaurin shasin. Facin a yanka shi da tsini gaba da baya kamar ƙwayar gero, kar a yi shi murabba'i, domin miƙaƙƙiyar walda daga sama zuwa ƙasa ita ce wurin da sabuwar tsaga za ta fito. Ruɓaɓɓen wuri yanke shi ake yi har a kai ga ƙarfe mai rai, ba a rufa masa faci. Wannan aikin mai waldar manyan motoci ne, ba mai ƙera ƙofar gida ba.

4. Birki

Kwance duka huɗun. Yawancin 75 faifai ne a gaba, ganga a baya. Kar ka hure ƙurar ganga da iska, tsofaffin takalman birki na iya ƙunsar sinadarin da ke lalata huhu, wanke ta da ruwa. Duk silindar da ke gumi a canza ta. Tiyon roba uku ko huɗu da ke zuwa aksil a canza su ko da sun yi kyau a ido, domin daga ciki suke kumbura su riƙe birki. Bututun ƙarfen da ya yi tsatsa a sake shi gaba ɗaya.

Zuba sabon man birki irin wanda aka rubuta a murfi, ka fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da masta, wato babbar silindar da feda ke turawa, zuwa mafi kusa. Akwai wani bawul a jikin shasi ta baya, mai sanda zuwa aksil, wanda ke rage wa tayoyin baya birki in mota ba kaya. Shi ma yana da notin fitar da iska, kuma shi ake mantawa har feda ta yi ta laushi. Kar a cire shi. In babu shi, ranar da aka yi ruwa ka taka birki a Kawo ba lodi, bayan motar ne zai riga gaban. Ruwan sabulun da wasu direbobi ke ɗurawa in mai ya ƙare yana cinye masta, in ka tarar da alamarsa a wanke layin duka. Birkin hannu kuma sai ya riƙe motar a kan gangara.

5. Aksil na gaba da sitiyari

Ga aikin da ya fi ɓata hannu, kuma shi ya fi biyan wahala. A kowane ƙarshen aksil akwai ƙwallon ƙarfe inda taya ke karkata, makanikai na ce masa nokul. Cikinsa kan shaf ne, wato gaɓar da ke juya taya ko ta karkata, a cikin baƙin giris, can ciki kuma akwai sil da ke raba shi da man giyar aksil. In sil ɗin ya mutu sai man ya gauraya da giris, ya zama kunu yana zuba ta bayan taya. Kusan duk tsohuwar Land Cruiser da za ka saya haka za ka same ta.

Yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan, don ya zame maka abin dubawa. Cire makullin taya. Ƙananan wasoshin nan masu tsini da suka maƙale, ɗora tagulla a kan kusar ka buga, za su yi tsalle su fito. Cire zobe, manyan notoci biyu, hob, sannan sandar da boris ke hawa, sai ka zaro shaf. Sama da ƙasan nokul akwai boris da siraran faranta na ƙarfe a ƙarƙashin murfinsu. Faranta na sama daban, na ƙasa daban, kar su gauraya, su ne ke tsayar da shaf a tsakiyar sil. In suka rikice, sabon sil ɗin ba zai yi wata biyu ba.

Wanke komai da kananzir, duba kan shaf ko ya tsage ko ya yi rami, saka sabon sil a hankali ba tare da ya karkace ba. Bayan an ɗaure boris na nokul, maƙala sikelin rataye a hannun sitiyari ka ja. Littafin wannan samfuri na neman kilo 3 zuwa 6. In ya yi sako-sako a rage faranti, in ya yi tauri a ƙara, sama da ƙasa daidai wa daida. Cika nokul da baƙin giris kamar kashi uku cikin huɗu, boris na taya kuwa nasa giris daban.

Sannan wani ya riƙa kaɗa sitiyari kai kana ƙasa kana kallo. Duk tairod da ya yi wasa a canza. Motar da ke kama makyarkyata in ta faɗa rami da gudu, ciwonta na nan: boris na nokul, tairod, bushin sifirin ko taya. Sabon shokazoban sitiyari ɓoye ciwon kawai yake yi.

6. Inji da ruwansa

Kar ka sauke inji don kawai ya tsufa. Auna shi tukuna. A injin fetur 3F mai silinda shida, lafiyayyen matsi na kusan psi 150 a geji, ƙasa da 115 ya gaji. Abin da ya fi muhimmanci shi ne silindojin su yi kusa da juna. In ɗaya ta faɗi, ɗiga mata cokalin mai ka sake aunawa: in ta tashi ringi ne, in ba ta tashi ba bawul ne ko gaskit. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, baƙi man tafiya ne ya yi yawa, fari mai ɗorewa tare da raguwar ruwa kuwa gaskit ne.

In awo ya yi kyau, sabis ya isa. A 3F a saita bawul da zafinsa, milimita 0.20 na shiga, 0.35 na fita, a wanke kafireto, a sa sabbin fulogi da wayoyinsu bisa jerin 1-5-3-6-2-4. Shi ba shi da bel na taimin. Injin gas, wato dizal, 1HZ mai lita 4.2, wanda ya fito a 1990, yana da shi, ana canza shi duk kilomita 100,000, kuma in ya tsinke fistin da bawul ne za su gamu. Tunda ba ka san yaushe aka canza ba, canza shi yau tare da abin da ke ɗame shi. Ka kai nozul a gwada, ka kuma tabbatar matatar da ke raba gas da ruwa na aiki.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 mutane ke tambayata ko su sauya inji zuwa ƙarami. Ra'ayina, in naka na da rai ka bar shi. Sauyin inji na jan sauyin giyabos, maratayai, wayarin da takardu, ƙaramin inji a jikin mota mai nauyin nan kuma wahala zai sha, ya sha mai.

Yanzu ruwa, wanda shi ke kashe injuna a garin nan. A kai lagireto a buɗe a zuge bututunsa, in ya ruɓe a sake masa ciki. Sabon murfi, sabbin tiyo, a duba famfon ruwa. Fankar tana da kuloci mai man siliki a ciki, in inji ya yi zafi ka kashe shi ka juya ta da hannu, in ta yi ta juyawa ba tauri, man ya ƙare, ana iya sake ɗura shi. Sai tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗau zafi. Za a ce maka a cire, wai na ƙasar sanyi ne. Kar ka yarda. In babu shi inji na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu, ya riƙa shan mai yana cin ringi, kuma ainihin abin da ya sa shi tafasa, wato toshewar lagireto, yana nan ba a taɓa ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla shi ke haifar da tsatsar da ta toshe shi tun farko, don haka a zuba ruwan lagireto mai launi. Da hunturu ka riƙa zazzage kofin ƙurar da ke ƙarƙashin gidan matatar iska duk mako, matatar kuma daga ciki ake hura ta zuwa waje.

7. Giya, furofela da aksil na baya

In giya na shiga ba ƙara, ba ta fita da kanta a gangara, sabon mai kawai za a ba ta. Amma ka lura da abu guda: in ka tarar giyabos ya cika har yana ambaliya, ogzilari kuma ya kusa bushewa, sil ɗin da ke tsakaninsu ya mutu, kuma ogzilarin ne zai ƙone. In an sauke giya saboda haka, a canza kuloci gaba ɗaya a lokacin.

Yi wa furofela alama da fenti kafin ka zare ta, ta koma yadda take, in ba haka ba za ta riƙa girgiza motar. Idan za ka sayi aksil na gwanjo, ƙirga haƙora. Yawancin 75 babbar giyar cikin aksil, wato kirawun, haƙora 37 ne, ƙaramar, wato finiyon, 9. Dole gaba da baya su zo ɗaya. Na ga motar da aka sa wa na baya mai finiyon 10, tana lafiya a gari, ranar da aka saka ogzilari gaba da baya suka shiga kokawa har kan shaf ya fashe.

8. Wayarin

Bi wayoyi ka cire duk ƙulle-ƙullen da aka yi da leda da salatif. Duk fis da aka naɗe da waya a mayar da na gaske, gobarar mota daga nan take farawa. Goge wayoyin da ke haɗa batir da bodi da inji. Mita ta nuna kusan volt 12.6 in inji na kashe, 13.8 zuwa 14.5 in yana aiki. Wasu masu gas da suka fito daga Turai batir biyu suke haɗawa su ba da volt 24, ka tabbatar da taka kafin ka sayi ko ƙwan fitila. Duk abin da za ka ƙara, ja masa wayarsa daga batir da fis da rile nasa.

9. Sifirin da tayoyi

Nan ne zuciya ke rinjayar mutane. Mota ce da za ta bi cunkoson Ahmadu Bello Way ranar Litinin, don haka ɗagawa kar ta wuce inci 2. Fiye da haka sitiyari zai riƙa yawo, furofela ta karkace, motar ta yi saurin kifewa a kwana. A ɗaga da sabon sifirin, ko a kai tsohon a sake lanƙwasa shi a ƙara falle guda. Dogon shakul, wato maratayin ƙarshen sifirin, da masu walda ke yankawa araha ne, araha kuwa ba ta ado. Fallen da ya karye ba a yi masa walda. Sabbin bushi, sabbin yu-bol, shokazoba daidai da sabon tsayin, a duba tiyon birki bai ɗame ba in aksil ya sauka, a kuma ɗaga maƙalin sandar bawul ɗin birkin baya gwargwadon abin da aka ƙara. Notocin shakul sai mota ta sauka a kan tayoyinta ake ɗaure su. Kar ka cika faranta a baya don lodin da sau biyu kake yi a shekara, sauran kwanakin bayanka ne zai biya.

Tayar asali 7.50R16 ce. Wadda ta yi daidai da ita a na zamani ita ce 235/85R16, tsayinta kusan inci 32, siririya ce mai yanka laka ta taɓa ƙasa mai tauri. Kar ka wuce 33. Tayar 35 na raunana birki, ta kashe wa mota ƙarfi a hawa, ta karya kan shaf. Zane matsakaici, na gari da daji, shi ya dace da mai hawa kullum. Mai manyan haƙora sai in yawancin tafiyarka taɓo ce, domin tana kuka a kwalta, tana kuma santsi in an yi ruwa. Biyar za ka saya iri ɗaya har da safaya. Duba lambobi huɗu na gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar ƙira, jami'an kiyaye haɗurra na dubawa. In rim ɗinka mai zobe ne, kar kowa ya tsaya a gabansa ana ba shi iska, zoben na iya fincikewa ya kashe mutum.

10. Ƙarin kayan daji

Mafi arha shi ya fi amfani. Kowane aksil na da ƙaramar hudar numfashi a sama. In aksil mai zafi ya faɗa rafi sai ya zuƙi ruwa. Saka wa hudar tiyo ka ja shi har saman ɗakin inji, ka ɗaura ƙaramar matatar fetur a bakinsa. Haka giyabos da ogzilari.

Sai ƙugiyoyin ja gaba da baya, a ɗaure su da manyan kusoshi a jikin shasi. Kar a taɓa fizgar motar da ta kafe ta ƙwallon jan tirela ko ta bamba, in ya tsinke harsashi ne. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin ogzilari na da amfani a hanyoyin dutse irin na wajen Kagoro da Kauru. Bututun shaƙar iska ta sama na rage ƙura, amma sai an toshe duk mahaɗinsa, kuma ba ya mayar da mota kwalekwale. Winci sai in kana yawan tafiya kai kaɗai. In babu, shebur, adda, igiyar ja mai faɗi, katakai biyu da famfon iska sun fitar da ni daga wurare da yawa.

Na zaman gari kuma: bel na kujera mai aiki, sabbin robobin ƙofa saboda ƙura, shimfiɗar hana zafi a daɓe, da na'urar sanyi in aljihu ya kai, bayan lagireto ya nuna ya iya.

11. Bodi da fenti

A yanke ruɓa a sa ƙarfe, fila siririya kawai. Duba daɓe ƙarƙashin tabarma, gindin gilashin gaba da magudanar rufi. In ka sauya launi a gyara takardu. Kuma ka nisanci koren soja. Akwai dokar da ta hana farar hula shafa wa motarsa shi, ga shi Kaduna garin barikoki ne, motar kuma da ma irin tasu ce. Fari ko ruwan ƙasa mai haske ya fi sanyi, ya fi sauƙin faci.

12. Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara da zagayen unguwa kana gwada birki. Sannan ka hau hanyar Zariya ka yi kamar kilomita 30, ka tsaya ka taɓa kowane hob da bayan hannu, mai zafi fiye da 'yan'uwansa boris ya matse ko birki na riƙewa. Leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. In an yi wa inji ringi, a lallaɓa shi kilomita 1,000 na farko, a canza mai.

Ogzilari na ƙasa ne da laka da yashi. Motar ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, in ka bar ta a ciki a kan kwalta ƙarafan za su murɗe har wani ya karye. In sandar ta ƙi fita, ja da baya kaɗan a miƙe. Da ka hau kwalta ka buɗe makullan tayoyin gaba, amma sau ɗaya a wata ka kulle su ka yi 'yar tafiya, sandar na kan ja biyu, don mai ya zagaya aksil ɗin gaba.

Fitar farko zuwa daji a yi ta da mota biyu, da rana, bayan ka tambayi mutanen yankin halin da hanya ke ciki, domin wasu dazukan jihar nan sun sha fama da 'yan bindiga. Rage iskar taya zuwa kamar psi 25 a laka ko yashi, ka mayar kafin ka hau titi. Rafi kuma a fara shiga da ƙafa da sanda, in ruwan na jan ƙafarka ko ya wuce gwiwa sosai, jira ya janye. In za ka ƙetare, ƙaramar ogzilari, giya ta biyu, ba canji a tsakiya, in ka fita ka ɗan taka birki kana tafiya ya bushe.

Bayan kilomita 500 ka sake bin yu-bol, notocin taya, na hannun sitiyari a jikin nokul da na furofela da sifanar awo, za ka tarar wasu sun saki. Duk ranar da motar ta shiga ruwa kuma, da ka dawo gida ka kwance notin kowane aksil ka tsoma yatsa. In man ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo a ranar, sannan a bi furofela da tairod da shakul da bindigar giris har sai tsohon ya fito ta gefe.